A bar su ko a dawo da su? Yadda ake auna zaman sojojin kiyaye zaman lafiya idan fage ya ƙara zafi

Duk ranar da labari ya zo cewa an kai wa sojojin kiyaye zaman lafiya hari, magana ɗaya ce ke tashi a fadojin shayi na Maraɗi da shirye-shiryen kiran waya na gidajen rediyo: me ƴaƴanmu ke yi a ƙasar wasu, alhali ga Madarunfa da Gidan Rumji suna fama da ƴan bindiga? Tambayar tana da tushe, kuma Nijar ta ɗanɗani ɗacin abin. Ranar 3 ga Oktoba 2014 aka yi wa sojojinta da ke cikin MINUSMA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya a Mali, kwanton ɓauna tsakanin Ansongo da Menaka a Mali, tara suka rasu. An rufe MINUSMA a ƙarshen 2023, amma tambayar za ta sake dawowa, ko a kan rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ko a kan ta haɗin gwiwar maƙwabta. Ga yadda ɗan jarida, ko ɗan ƙungiyar farar hula, ko iyalin soja za su bi ta daki-daki kafin su ce a bar su ko a dawo da su.

Wa ke da wuƙa da nama

Shawara biyu ce ake yawan cakuɗawa. Rufe rundunar gaba ɗaya aikin Kwamitin Sulhu ne na Majalisar Ɗinkin Duniya, mai kujeru 15, inda ake bukatar ƙuri'a 9 ba tare da ɗaya daga cikin manyan ƙasashe biyar ta hau kujerar na-ƙi ba. Janye sojojin ƙasa ɗaya kuwa hakkin ƙasar da ta tura su ne. Kwamandan runduna yana ba su umarnin aiki a fage, amma ba mallakinsa ba ne. Ostiriya ta kwashe nata daga tuddan Golan, tsakanin Siriya da Isra'ila, a 2013, Kenya ta janye daga Sudan ta Kudu a 2016 bayan an sauke janar ɗinta daga shugabancin runduna. Saboda haka wanda ke son a dawo da sojojin ƙasarsa, da Yamai zai yi magana, ba da hedkwatar Majalisa a New York ba.

A nemi sanin takardu uku: ƙudurin da ya ba rundunar aikinta, yarjejeniyar zaman sojoji da ƙasar da ta karɓe su, da yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasar da ta tura su da Majalisar. Ƙudurin a fili yake, kowa na iya karantawa a intanet da Faransanci. A duba ko ya ambaci kare farar hula, da ranar da wa'adinsa zai cika, domin yawanci shekara-shekara ake sabuntawa, kuma lokacin sabuntawar ne ƙasa ke da bakin neman a canza sharuɗɗa.

Mai gida yana so har yanzu?

Aikin kiyaye zaman lafiya a kan ƙafa uku yake tsaye: yardar ɓangarorin rikici, rashin son kai, da rashin amfani da ƙarfi sai don kare kai ko kare aikin da aka ɗora. Ta farko ita ce ke fara karyewa, kuma ba a sanarwa ake ganin karayarta ba, a ƙananan abubuwa ake gani. Mali ta nuna jerin alamomin a fili. A 2022 aka riƙa taƙaita tashin jiragen rundunar. A watan Yuli na shekarar aka kama sojojin Kodebuwa 49 a filin jirgin Bamako, aka dakatar da canjin dakaru na ɗan lokaci, aka kori kakakin rundunar. A Fabrairun 2023 aka kori shugaban sashenta na kare hakkin ɗan Adam. Da ministan harkokin wajen Mali Abdoulaye Diop ya tsaya gaban Kwamitin Sulhu ranar 16 ga Yuni 2023 ya ce su fice ba tare da ɓata lokaci ba, an yi shekara guda ana ganin hadarin yana haɗuwa.

Abin da za a ƙirga a nan mai sauƙi ne: a cikin buƙatun tashin jirgi da aka miƙa cikin wata uku na baya, nawa aka amince, nawa aka hana, nawa aka yi shiru a kansu har lokacinsu ya wuce. Shirun ya fi hanin muni, domin ba ya barin shaidar da za a kai ƙara da ita. Idan mai gida ya fara hana jirgin ɗaukar wanda ya ji rauni tashi, to maganar ta wuce siyasa, ta koma maganar rai.

Lissafin jini

Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙa'idar da ake kira 10-1-2. Wanda ya ji rauni ya samu taimakon farko na tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi cikin minti 10, ya isa hannun ƙwararrun ceton rai cikin awa 1, ya shiga ɗakin tiyata cikin awa 2. Wannan ita ce ma'auni mafi gaskiya a duk lissafin, domin taswira da agogo ke yanke hukuncinsa, ba ra'ayi ba.

A ɗauki taswira, a sa alama a wurin da sojojin ke sintiri mafi nisa, da wurin da jirgi mai saukar ungulu ke kwana, da asibitin da ke da likitan tiyata. Asibitin bataliya, wanda ake kira mataki na ɗaya, ba ya tiyata. Sai mataki na biyu zuwa sama. Irin jiragen Mi-8 da Mi-17 da aka fi amfani da su suna cin kilomita 220 zuwa 240 a awa. Idan jirgin yana nesa kamar Maraɗi da Damagaram, zuwa kaɗai awa guda ne, dawowa awa guda, ba a sa lokacin neman izini da tada inji da ɗora marar lafiya ba. Awa biyun ta riga ta tafi. Sannan a tambaya: jirgin yana tashi da dare? Matuƙansa sun yarda su sauka inda ake harbi? Yana tashi cikin ƙurar hunturu, irin wadda ke rufe mana gari har fitilar mota ba ta amfani? Jiragen haya na farar hula ba kullum amsarsu ke zama e ba.

Idan wani sansani ya fita daga cikin da'irar awa biyu, ba dole ba ne a janye daga ƙasar baki ɗaya. Dole ne dai ko a matso da tiyata kusa da shi, ko a rufe shi. Barinsa haka shi ne kuskuren da ake biya da gawa.

Su wa ke fita ƙofar sansani

Adadin da ake faɗa a takarda yana ruɗi. MINUSMA an ba ta izinin sojoji 13,289 da ƴan sanda 1,920, amma tambayar ita ce nawa ke isa ƙauye. A yi wa kowace bataliya wannan ragi. A ce, misali, mutum 850 ne. A cire masu gadin sansani dare da rana, da masu rakiyar ayarin abinci da mai, da makanikai da masu dafa abinci da ma'aikatan lafiya da na ofis, da marasa lafiya da masu hutu. Abin da ya rage su ne masu aikin da aka je yi. Idan wata bayan wata wannan ragowar tana ƙanƙancewa saboda gadi da rakiya suna cinye mutane, rundunar ta koma mai tsaron kanta. Ana hasarar rai don a kai mai sansani, man kuma don a iya fita rakiyar wani man.

Haka za a yi da motoci. Ba yawan motoci masu sulke ake tambaya ba, a'a, nawa ne za su tashi gobe da asuba, kuma nawa ne cikinsu aka ƙera don jure nakiyar da aka binne. A arewacin Mali nakiyoyin hanya suna cikin manyan abubuwan da suka kashe sojojin, kuma waɗanda suka fi shan wahala su ne na ƙasashen Afirka, Cadi a kan gaba, da aka sa a wurare mafi haɗari da kayan da ba su kai ba. Rahoton da janar ɗin Brazil Carlos Alberto dos Santos Cruz ya miƙa a ƙarshen 2017 ya faɗi abin da masu fage suka daɗe da sani, cewa shuɗiyar hula da tutar Majalisa sun daina zama kariya, kuma zaman cikin sansani ana jiran a kawo hari ba ya rage mutuwa.

Sai kwanakin guzuri. A raba man da ke tanki da abin da ake sha kullum, janareto da firijin magani a ciki. A yi haka da ruwa da abinci da harsashi. A kwatanta da tazarar da ke tsakanin ayari da ayari. Idan ajiyar ba ta kai tazara biyu ba, ayari ɗaya ya kasa isowa an shiga uku.

Waɗanda ke zaune a inuwarsu

Nan ne masu cewa a janye yau-yau suka fi yin tuntuɓe, kuma nan ya kamata a daɗe. Mutanen Gidan Rumji sun san abin da mai gudun hijira ke yi: tun 2019 da mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara tsallakowa, inda suka ga alamar tsaro nan suke sauke kaya. Sansanin soja a fagen yaƙi haka yake jan mutane. Duk wanda ya kafa tuta ya yi alkawari, ko bai furta ba.

A Kigali, babban birnin Ruwanda, ranar 7 ga Afrilu 1994, ana fara kisan ƙare dangi, aka kashe sojojin Beljiyam goma na rundunar Majalisa. Tun a watan Janairu kwamandan rundunar, janar Roméo Dallaire, ya aika wa New York gargaɗin cewa akwai shirin a kashe ƴan Beljiyam don ƙasarsu ta janye. Haka kuwa aka yi. Ranar 11 ga Afrilu sojojin Beljiyam suka tashi daga wata makarantar koyon sana'a da ke unguwar Kicukiro, inda mutane kimanin 2,000 suka fake. Yawancinsu ba su kwana da rai ba. Ranar 21 ga wata Kwamitin Sulhu ya rage rundunar daga kusan 2,500 zuwa 270. Amma ƴan kaɗan ɗin da suka tsaya sun riƙe filin wasa na Amahoro da wasu wurare, dubban mutane suka tsira ta dalilinsu, kuma a cikinsu ne kyaftin Mbaye Diagne na Senegal ya yi ta fitar da mutane da motarsa har aka kashe shi a ƙarshen watan Mayu.

Darasi biyu ke nan. Na farko, janyewa a makon jana'iza tana koya wa maharan farashin korar runduna. A Somaliya an kashe sojojin Pakistan 24 a Yunin 1993 da Amurkawa 18 a Oktoba, Amurka ta fita a Maris 1994, kuma masu shirya kisan Ruwanda suna kallo. Ƙasar da ta fita da zafin rai ta bar wa sauran da ke fage tsada. Na biyu, soja kaɗan a ƙofar da ta dace yana iya yin abin da bataliya a cikin bariki ba ta yi ba.

Sai dai akwai ɗaya fuskar, kuma wanda ya ɓoye ta bai yi adalci ba. A Srebrenica ta Bosniya sojojin Holand sun zauna, ƴan ɗaruruwa da ƙananan makamai, a garin da Majalisa ta kira tudun mun tsira. Mutane suka yarda suka taru. A Yulin 1995 garin ya faɗi, aka kashe maza da samari kimanin 8,000. Zaman da ba shi da ƙarfin karewa tarko ne, yana tara mutane wuri ɗaya ya hana su gudu tun da sauran hanya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Don haka a amsa tambayoyi uku da adadi, ba da fatar baki ba. Mutum nawa ke kwana a cikin sansani ko kewayensa don tsoro? Idan aka tashi, wa zai shigo, kuma yaya yake kallon waɗannan mutanen? Idan aka zauna aka kawo hari mai ƙarfi, akwai umarni a rubuce na a yi harbi don kare su, da agajin da zai iso cikin awowi? In amsar ta uku a'a ce, a gaya wa mutanen gaskiya da wuri, ta bakin masu gari da limamai da shugabannin mata, su san inda dare ya yi masu. A Sudan ta Kudu, da aka buɗe ƙofofin sansanoni a Disambar 2013, waɗanda suka fake sun kai sama da 200,000 a wani lokaci. Runduna mai irin wannan nauyi ba ta da zaɓin tashi cikin dare.

A sa masu fassara da direbobi da masu gadi ƴan gari cikin wannan ƙidaya. Su ake fara nema bayan an tafi, su ake fara mantawa a lissafi.

Tsakanin zama da tafiya akwai hanyoyi

Ana iya haɗe ƙananan sansanoni su koma kaɗan masu ƙarfi. Ana iya ja da baya zuwa wuri mai aminci ba tare da rushe aikin ba, kamar yadda rundunar Golan ta yi a 2014 bayan an kama sojojin Fiji 45 aka sake su. Ana iya ƙara ƙarfi: a Saliyo a Mayun 2000 ƴan tawayen RUF sun yi garkuwa da sojojin Majalisa kusan 500, mutane da yawa suka ce aikin ya mutu, amma Ingila ta kawo sojojinta, aka ƙara rundunar har zuwa 17,500, aka ayyana ƙarshen yaƙin a Janairun 2002. Abin lura, a Saliyo akwai gwamnatin da ke son rundunar, akwai babbar ƙasa da ta sa hannu, akwai shirin karɓar makamai. Inda babu waɗannan, ƙarin soja jinkiri kawai yake saye. A Kwango an kafa birged mai izinin kai farmaki a 2013, ta taimaka aka fatattaki ƴan tawayen M23 a shekarar, amma da yake tushen rikicin yana nan, ƙungiyar ta dawo ta kama birnin Goma a Janairun 2025.

Abin da ya fi amfani shi ne gwamnati ta rubuta iyakokinta tun ana zaman lafiya: idan aka hana jirgin ceto sau kaza, ko ajiyar mai ta sauka ƙasa da kwana kaza, ko aka rasa tiyata cikin awa biyu, za mu rufe sansani kaza. A sanar da Majalisa a asirce, kada a shelanta, don kada maƙiyi ya san inda zai danna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar kuɗi da maganar gida

Majalisa tana biyan ƙasa dalar Amurka 1,448 a kan kowane soja a wata tun Yulin 2022, wajen jika 800 zuwa 900 na sefa gwargwadon canji, ban da kuɗin hayar motoci da kayan aiki. Gwamnati ake biya, ita ke yanke abin da zai shiga aljihun soja. Kuɗin nan bai isa dalilin barin mutum inda ba za a iya ceto shi ba, amma a san cewa yana tsayawa ranar da aka dawo. Hujjar cewa ana buƙatarsu a gida kuwa tana da ƙarfi, ita Nijar ta bayar da ta fita daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Cadi a Maris 2025. Sai dai bataliyar da ta dawo ba washegari take shiga dajin Baban Rafi ba. Mutane na buƙatar hutu da duba lafiya, motoci kan iso bayan watanni, wasu ma ba sa isowa.

Idan an yanke a fita

Fita ita ce aiki mafi haɗari a rayuwar runduna, domin kowa ya san hanyar, kowa ya san lokacin. An ba MINUSMA wata shida. Kayan da za ta kwashe sun kai kwantena kusan 5,500 da motoci kusan 4,000. Ayarin da ya tashi daga sansanin Ber zuwa Tumbuktu a Agustan 2023, kilomita 57, kusan nisan Maraɗi da Gidan Rumji, awa 51 ya yi a hanya, ga damina ga hari sau biyu. Na Kidal ya tashi ranar 31 ga Oktoba da motoci 143 da sojoji 848, ya isa Gao ranar 7 ga Nuwamba bayan kilomita kusan 350, ya taka nakiya sau shida, mutum 37 suka buƙaci magani, kuma babu rakiyar jirgi saboda ba a ba da izinin tashi ba. Manyan motocin da aka tanada don kwaso kayan arewa sun maƙale a Gao, dole aka lalata kayan da ba a iya ɗauka.

Daga wannan ake fitar da tsarin. A kulle izinin jiragen rakiya da na ceto a rubuce kafin a faɗi ranar fita, domin bayan sanarwa ba sauran abin ciniki a hannu. A kauce wa damina, daga Yuni zuwa Satumba a yankinmu, in da hali. A fara da sansani mafi nisa, asibitin tiyata da jirage da masu kwance nakiya su zama na ƙarshe. A tanadi hanyar fita biyu zuwa teku: juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakokin da CEDEAO ta yi, wanda ƴan kasuwar Maraɗi suka ji a jikinsu ta ƙofar Ɗan Isa, shi ne kuma ya toshe wa kayan MINUSMA hanyar Kwatano. Sojojin ƙasashen kudancin Afirka da suka makara a Goma a 2025 sai ta cikin Ruwanda suka samu fita, ƙasar da ake zargi da mara wa abokan faɗansu baya.

A daidaita tun farko wanda za a miƙa wa sansani. Fili mai katanga da rijiya da filin saukar jirgi ganima ne. A Ber an gwabza a kansa, a Kidal ƴan tawaye suka shiga da tashin ayari, sojojin Mali suka karɓi garin ranar 14 ga Nuwamba. Harsashi da na'urorin sadarwa da duk takarda mai sunan ma'aikaci ɗan gari, ko su tafi cikin ayari ko a lalata su, kuma duk abin da aka lalata a rubuta shi da lambarsa da hoto, don da wannan takarda ƙasa ke neman a biya ta. Fayil ɗin waɗanda suka rasu ko suka nakasa shi ma a kammala shi tun likitan runduna da kwamitin bincike suna nan. Diyyar rasuwa dala 77,000 ce, ta hannun gwamnati take bi zuwa ga magada, kuma fayil ɗin da aka bari ba rahoton likita ko na bincike yana iya yin shekaru yana yawo tsakanin ofisoshi bayan an rufe sansanin da abin ya faru.